Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Ɓoye Bangaskiyarsa?

Ya kai mai karatu, wanda ka ji Bishara ka karɓe ta, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, akwai tambaya guda wadda takan zo wa kowane sabon mai bi. Ita ce wannan: tun da yake Allah zuciya yake dubawa, me zai hana in bi Yesu a asirce, in bar zamana da mutane yadda yake tun dā? Tambayar nan tana da nauyi ƙwarai. Wani yana tsoron fushin mahaifinsa, wani yana tsoron a hana shi gādo ko aure, wani kuwa yana gudun kada abokan ciniki su ƙaurace wa rumfarsa. Ubangiji ya san waɗannan abubuwa duka, bai kuwa raina su ba.

Mu duba Littafi Mai Tsarki. Nikodimu, shugaba ne cikin Yahudawa, da dare ya zo wurin Yesu, Yesu kuwa bai kore shi ba. Yusufu mutumin Arimatiya shi ma almajiri ne a ɓoye saboda tsoro. Amma ranar da aka gicciye Ubangiji, Yusufu ya shiga gaban Bilatus ya roƙi jikinsa, Nikodimu kuma ya kawo mur da al'ul wajen awo 100 na Romawa, watau fiye da kilo 30, suka yi masa jana'iza. Ashe bangaskiya takan tsiro cikin duhu kamar ƙwayar gero a ƙasa, amma idan tana da rai, tilas ta fito.

Haɗarin ɓuya shi ne, ba ta tsayawa sai da ƙarya. Yau za a tambaye ka inda ka tafi ran Lahadi, gobe a kawo maka laya a ce ka ɗaura wa ɗanka, jibi a kira ka zuwa wurin boka. Kowace rana sai ka nemi sabuwar dabara, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Bitrus ya ɗanɗana wannan. A farfajiyar babban firist, wata baranya ta fara tambayarsa, ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, ya fita yana kuka mai zafi. Duk da haka Yesu ya gafarta masa, kuma bayan mako bakwai ya tsaya a Urushalima ran Fentikos ya yi shaida a fili, mutum wajen 3000 suka tuba. Idan kai ma ka taɓa yin musu, ƙofar tuba a buɗe take.

To, mene ne zaman Kirista a fili? Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan lardin Bitiniya cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, ya rubuta wa Sarkin Roma Tarajan game da Kirista da aka kawo gabansa. Ya ce yakan tambayi kowannensu har sau uku ko shi Kirista ne, wanda ya tsaya a kan maganarsa ya sa a kashe shi. Da ya bincika al'adarsu, sai ya tarar sukan taru kafin wayewar gari a rana ƙayyadadda su raira waƙa ga Almasihu, su kuma ɗauki alkawari ba za su yi sata ba, ko fashi, ko zina, ba za su saɓa magana ba, ba za su yi musun ajiya ba sa'ad da mai ita ya nema. Wannan shaida daga bakin mai tsananta musu ta fito. Abu biyu ya gani gare su: amsa ta gaskiya sa'ad da aka tambaye su, da hali mai tsabta kowace rana.

Abu biyun nan ake nema gare ka. In kai ɗan kasuwa ne, mudunka ya cika, kada ka yi algus. In an ba ka bashi, ka biya a kan lokaci ba tare da an bi ka gida ba. In ma'aikaci ne kai, aikinka a bayan idon maigida ya zama daidai da na gabansa. Ka riƙe matarka da alheri. Ka ƙara girmama iyayenka fiye da dā, ko da sun yi fushi da kai, gama za su auna sabuwar hanyarka da irin ladabin da ta koya maka. Sa'ad da aka tambaye ka ko kai mai bin Yesu ne, ka ce i, cikin tawali'u.

Sai dai ka kiyaye kanka daga fahariya. Kada ka zagi addinin maƙwabcinka, kada ka tada gardama a bakin kasuwa domin a ce ka iya magana. Ba a kuma umarce ka ka jefa kanka cikin haɗari da gangan ba, gama Bulus kansa cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu domin ya tsira. Kauce wa mai neman ranka hikima ce, amma musun Ubangiji zunubi ne. Idan kana cikin matsi, ka tafi wurin dattawan ikilisiya su ba ka shawara, su yi addu'a tare da kai.

Ya ɗan'uwa, Yesu bai ji kunyarka ba sa'ad da ya ɗauki gicciye a tsakiyar jama'a. Ka roƙe shi yau ya ba ka Ruhu Mai Tsarki, domin bakinka da aikinka su zama ɗaya har matuƙa. Amin.