Gajiyar Doki

Har wajen 1960 dawaki ke jan gumaguman itace a dazukan Suwidin, kafin injuna su karɓe aikin. Har yau wasu masu ƙananan dazuka ba su rabu da doki ba, don inji yakan danne ƙasa ta yi tauri, doki kuwa 'yar siririyar hanya ta ishe shi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gajiya. In doki ya gaji, tilas mai shi ya dakata, ko da ransa na son ƙari. Inji kuwa ba ya gajiya, watau ba mai tsai da mutum sai kansa. Amma ina jin nauyin yabon wannan gajiya, tun da ba ni ke jan gungumen ba.