Minti Bakwai a Kan Kujera

Kalmar horo a Hausa fuska biyu gare ta: tarbiyya da azaba. Wannan ne ke damuna duk lokacin da na yi nazarin dabarar nan ta asibitocin ƙwaƙwalwa, inda ake janye yaron da ya birkice, yana duka ko cizo, a zaunar da shi shi kaɗai na ɗan lokaci. Arthur Staats, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1950. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce minti ɗaya ga kowace shekara ta yaron. Babu tsawa, babu bulala. Hankalin da fitinarsa ke jawo masa kawai ake ɗauke wa.

Mu mutanen Bena, in ciwo irin wannan ya gagari gida da malam, asibitin Kware ake tunani, can kusa da Sakkwato, kuma tafiya ce mai nisa. Kafin a kai ga likita, wasu sun ɗanɗana mari. Ba mu manta gidan Rigasa a Kaduna ba, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Sai a 2023 aka sa hannu a dokar da ta maye gurbin ta 1958. In aka auna da sarƙa, kujera rahama ce. To amma fin sarƙa sauƙi bai isa hujja ba.

Dabarar ta ginu ne a kan zaton cewa yaron kulawa yake nema da rigimarsa. Yaron Danko-Wasagu da ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga fa? Ihunsa tsoro ne. Wanda ya bar shi shi kaɗai ya mayar da shi cikin daren nan, ko da da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: wa ke hutawa, yaron ko ma'aikaciyar jinya? Ban zarge ta ba, gadajen sun fi hannuwanta yawa. Sai dai gajiya kan mayar da minti bakwai awa guda, ta kuma sa a turo ƙofa.

Ni na yarda da kujerar in ƙofa na buɗe, babba na nan inda yaron ke ganinsa, an gaya masa lokacin tashi, kuma wadda ta zaunar da shi ita za ta dawo ta kama hannunsa. Wanda kaɗaici ne ciwonsa kuwa, a jawo kujera ta biyu a zauna kusa da shi, ko ba a ce masa komai ba.