Gadon da ake rabawa babu shaidu

A Hausa kalma ɗaya, gado, tana ɗauke da kaya biyu. Akwai gadon da ake rabawa bayan mutuwa: gona, garke, gida, itatuwan dabino a kwari. Shi wannan ana kiran malamai, a zaunar da shaidu, a lissafa rabon kowa, wanda aka zalunta kuma yana da inda zai kai ƙara. Akwai kuma gadon da ake rabawa tun kafin haihuwa: tsawo, launin fata, wushirya, siffar hanci, da wasu cututtuka. Ranar rabon wannan ba a kiran kowa, magajin ma bai zo duniya ba tukuna. A kan na biyun nan nake so mu tsaya, domin da shi muke yanke wa mutane hukunci alhali ba mu san yadda ake raba shi ba.

A hutun damina na je Bune, cikin gundumar Gure, gaida dangi. Can na tarar da wata tsohuwar ɗalibata, wadda na koya wa faransanci shekaru da dama da suka wuce, zaune a gidan mahaifinta da goyo, an sake ta. Ɗanta na fari ya rasu bai cika shekara uku ba. Ta biyun, wadda take goye da ita, hannuwanta da ƙafafunta na kumbura, idanunta sun yi ɗorawa, dare kuwa ba ta barin kowa barci. Da aka kai ta Damagaram aka auna jininta, likita ya ce amosanin jini ne, ciwon da ƴan'uwanmu na Nijeriya suke kira sikila. Uwar miji ta ce su a gidansu ba su san wannan ciwo ba, amarya ce ta zo da shi. Maganar ta zauna, aure ya mutu. Bayan mun gaisa, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce: "Mushe, da gaske daga wurina ne?" Ni malamin nahawu ne. Na yi mata addu'a na tashi, ina jin kunyar rashin amsa. Da aka koma makaranta na tsare abokin aikina mai koyar da ilimin halittu, ya zana mini amsar a bayan takardar jarrabawa.

Manoman kwari sun san rabin amsar tun tuni. Wanda ya cire ɗan dabinon da ya tsiro a gindin uwa ya dasa, ya san abin da zai ci: irin uwar ne sak. Haka ma wanda ya dasa karan rogo. Amma wanda ya shuka ƙwallon dabino sai ya jira shekaru kafin ya san ko namiji ne ko mace, ko ƴaƴan za su yi zaƙi ko bauri. Dalili shi ne ƙwallo ɗan iyaye biyu ne, kuma kafin a haɗa gadon iyaye biyu sai an fara raba na kowannensu gida biyu. Ɗan Adam irin na ƙwallo ne.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu zaruruwa da masana ke kira kuromozom, guda 46, waɗanda sai a shekarar 1956 aka tabbatar da adadinsu. A jere suke biyu-biyu, tagwaye 23: a kowace tagwaye, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. A kan zaruruwan nan ne umarnin gado yake, kamar ƙulle-ƙulle a jikin igiya. Da a ce uba zai ba ɗa 46 ɗinsa duka, uwa ma haka, da ɗan ya tashi da 92, jika da 184, abin da ba ya yiwuwa. Saboda haka ƙwayoyin haihuwa, wato maniyyi da ƙwan mace, ana yin su ta wata rabuwa ta daban mai suna meyoz, kalmar da aka samo daga girkanci mai ma'anar ragewa. A cikinta tagwayen suna kusantar juna, su yi musayar gutsattsari, sannan su rabu, kowace ƙwayar haihuwa ta tashi da zare 23 kacal. Wane daga cikin tagwayen ne zai shiga wace ƙwaya? Ba wanda ke zaɓa. Ko ba a lissafa musayar gutsattsarin ba, mutum ɗaya yana iya fitar da haɗi iri 8.388.608. Shi ya sa wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suke kama amma ba su zama ɗaya ba, shi ya sa kuma wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa.

Tun kafin a ga zaruruwan da ido, wani limamin kirista mai suna Gregor Mendel ya gano ƙa'idar, a lambun gidan ibadarsu da ke birnin Brno, cikin ƙasar Cak ta yau. Shekaru takwas ya yi yana aurar da tsirran wani irin wake, ya buga sakamakon a 1866, duniya ba ta kula shi ba sai a 1900. Abin da ya gani shi ne, idan aka haɗa dogon tsiro da gajere, ƴaƴan duk dogaye suke fitowa, sai ka ce gajarta ta ɓace. A jikoki kuma sai ta dawo, ɗaya cikin huɗu. Ashe ɓoyewa ta yi. Hali yana iya kwana a jikin mai lafiya, ba ya motsi, har ranar da ya gamu da irinsa.

Amosanin jini haka yake tafiya. Umarnin da ke tsara sinadarin jan jini yana kan zare na 11, kowa kuma yana da kwafi biyu. Lafiyayyen ana kiransa A, mai tangarɗar S. Mai AA ba ruwansa. Mai AS lafiya lau yake noma da kiwo, sau da yawa har ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Mai SS shi ne mara lafiya: ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu da wuri. Yaro kuwa ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya karɓi S daga uba. Ke nan amsar ɗalibata ita ce: daga wurinta ne, daga wurinsa ne, daidai wa daida. Gidan da ya ce bai san ciwon ba, yana ɗauke da shi cikin jinin ɗansa, kuma ɗan daga ɗaya cikin iyayensa ya karɓa. Mai yiwuwa ma daga bakin da ya yi hukuncin ne.

Mun saba cewa namiji shi ne iri, mace gona ce. Abin mamaki, idan amfani ya yi kyau iri muke yabo, mu ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Idan ya lalace kuma gona muke zagi. Meyoz ta rushe wannan kwatanci daga tushe, domin mace ma iri take bayarwa, zare 23 cif, kamar na mijinta. Haka zancen haihuwar ƴaƴa mata. Ƙwan mace kullum zaren X yake ɗauke da shi, maniyyi ne wani ke da X wani ke da Y, kuma wanda ya riga isa shi ke yanke ko mace ko namiji. Mata nawa aka yi wa kishiya a kan abin da daga jikin miji yake fitowa? Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, tunda bai zaɓa ba. Mumini zai ce ƙaddara, masani ya ce dace. Kowanne aka ɗauka, hannun uwa ba ya ciki.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Idan tsohon mijin ɗalibata ya auri mai AA, ba zai sake haifar mai SS ba, ko da ƴaƴa goma ne. Ranar nan uwarsa za ta ce: "Ba na faɗa muku ba?" Idon gari zai ga hujja, kuma hujjar ƙarya ce. Kusan rabin waɗannan lafiyayyun ƴaƴa za su tashi da S ɗin ubansu a ɓoye, su kai shi gidajen aurensu. A nan gani da ido ba ya isa, sai an haɗa da lissafi, wannan kuwa aikinmu ne mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, ba na likita kaɗai ba.

Lissafin ma ana yawan juya shi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Wasu suna jin haka sai su ce, to, tunda an haifi mara lafiya ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne: kowane ciki sabon rabo ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Cikin irin waɗannan ma'aurata, idan kowa ya haifi huɗu, kusan gida ɗaya cikin uku ba zai ga ciwon ba sam. Maƙwabta biyu, jini iri ɗaya, niyya iri ɗaya, wannan ana yi masa barka, wancan ana nuna matarsa da baki.

Shi kansa S ɗin da ake kira mugun jini yana da tarihin da ya kamata a sani. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa S ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi yawa, har a yankinmu ake samun kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da shi. Abin da ya raya kakanni a damunan da suka kwashe ƴaƴan wasu, shi ne yake kwantar da jika idan ya zo ta ɓangare biyu.

To, idan babu laifi a kan abin da ba a sani ba, yaya hukuncin wanda ya sani? Nan tambayar ta yi nauyi. Saurayi da budurwa, dukansu AS, suna son juna, sun ce sun ji sun gani. Amma wanda zai kwana yana ihu da ciwon ƙashi ba ya wurin da aka ce an gani. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila. Ina ganin hikimarta, ina kuma jin tsoro biyu. Na farko, gwajin da aka yi ana saura mako guda biki, an kai kaya, an gayyaci dangi, ya zo a makare. Mutane za su nemi takardar da ta faɗi abin da suke so. Na biyu, a garin da ya saba ɗora wa mace laifi, harafin S zai iya zama sabon tabo a goshin ƴan mata, alhali samarin da ke da shi suna yawo ba mai tambayarsu. A ganina lokacin gwaji shi ne tun ana makaranta, maza da mata tare, kafin zuciya ta kama, a kuma faɗa musu a fili cewa mai AS ba mara lafiya ba ne, abin da ake nema kawai kada S ya gamu da S cikin jahilci. Idan sun sani suka zaɓa, ba ni da bakin da zan tsine musu, sai dai ba zan ce musu babu komai ba.

Kada kuma zancen rigakafi ya sa mu manta da waɗanda suka riga suka zo. Na koyar da masu SS, wasunsu su ne kan gaba a aji duk da makonnin da suke yi kwance. Yaron da aka gano ciwonsa da wuri, aka yi masa allurai, yana kwana cikin gidan sauro, yana shan ruwa sosai, ana kare shi daga sanyin hunturu, ana kai shi likita da zarar jikinsa ya yi zafi, yana iya girma ya yi karatu ya yi aure. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara umarnin gadon kansa, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Daga Bune, ko cibiyar kula da wannan ciwo da ke Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita dubu.

Da hutun ƙarshen shekara na koma, na nemi ɗalibata. Na zana mata gida huɗu a ƙasa da tsinke, kamar yadda abokina ya zana mini, A da S a sama, A da S a gefe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a gidan ƙarshe ta ce: "Wannan ita ce." Ta tambaye ni ko zan je in zana wa tsohon mijinta. Na ce zan je, in ya yarda ya zauna. Ta kira ƙanwarta, wadda ake maganar aurenta da bazara, ta ce in sake zanawa daga farko.