Gishirin da ke ɓoye a cikin zumurrudu

Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ajiye ruwa a cikin dutse, ya kulle shi shekaru miliyoyi ba tare da ya ƙafe ba. Idan aka ɗauki zumurrudun da ake haƙowa a Muzo ta ƙasar Kolombiya aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga wani ɗan rami mai bakin zarto wanda sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba. A cikinsa akwai ruwa, da kumfar iska, da ƙwayar gishiri mai kusurwa huɗu tsaf kamar an sassaƙa ta. Wannan ruwa shi ne ainihin wanda dutsen ya tsiro a cikinsa fiye da shekara miliyan 30 da suka wuce, da zafi wajen digiri 300. Gishirinsa ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, alhali na teku bai wuce 3.5 ba. Da dutsen ya huce, ruwan ya kasa riƙe abin da ya narkar, sai ƙwayoyin suka fito suka daskare a inda suke.

Tun 1858 wani Bature ɗan Ingila, Henry Sorby, ya nuna cewa waɗannan ɗigo shaidu ne na yadda dutse ya samu. Matsalar ita ce yadda za a tambayi shaidar. In ka fasa dutsen, ruwan ya zube, iskar ta tsere, ka kuma yi asarar dukiya.

Mafita ta biyo ta Indiya. A 1928, a birnin Kalkata, C. V. Raman ya gano cewa idan haske ya bugi abu, akasarinsa yakan warwatsu da launinsa na asali, amma wani ɗan ƙyas, kamar ɗaya cikin miliyan goma, yakan fito da launi dabam, domin ya bar wani ƙarfinsa ga rawar ƙwayoyin zarra na abin. Ya karɓi lambar Nobel a 1930. Kowane ma'adini da irin rawarsa, yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya gane ingancinta daga amonta. A shekarun 1970 masana a Lille ta Faransa suka haɗa wannan hikima da madubin ƙara girma da hasken leza, aka samu na'urar da ke iya auna ɗigo guda a cikin dutse ba a ko karce shi ba.

Na'urar takan zana layi mai tsaunuka, kowane tsauni da lambarsa. Kalsayit yakan tsaya a 1086, lu'ulu'u a 1332, iskar mitan wajen 2917. Iskar kabon dayoksaid kuwa tsauni biyu take bayarwa, wajen 1285 da 1388, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa gwargwadon yadda iskar ta matsu. Wato daga ratar tsaunukan nan biyu, in an haɗa da zafin da dutsen ya tsiro a cikinsa, ake lissafa nauyin ƙasar da ta danne dutsen ranar da aka halicce shi. Ni kam wannan ya fi komai girgiza ni.

Sai kuma abin dariya: gishiri, wanda ya fi kowa fitowa fili a ramin, shiru yake yi wa na'urar. Yadda Allah ya jera ƙwayoyinsa bai ba shi damar sauya launin hasken ta wannan hanya ba. Dole a dogara da siffarsa, ko a sanyaya dutsen da ruwan naitirojin har gishirin ya haɗu da ruwa ya zama wani ma'adini, haidirohalait, wanda shi yana amsawa.

Da can 'yan kasuwar duwatsu na ganin ƙwayar gishirin nan sai su ce dutsen Kolombiya ne, farashi ya tashi. Daga baya aka same ta a zumurrudun Panjshir na Afghanistan, da na tsakiyar Najeriya, don haka yanzu sai an haɗa da sauran gwaje-gwaje kafin a rubuta wa dutse takardar asali.