Ƙwan Da Ba Shi Da Mai Tsaro

Ga wata tambaya. Idan mutum ya iske abu a fili, ba shinge, ba mai gadi, ba kuwa wanda zai kai shi ƙara, abin nan ya zama nasa ke nan? Mutane sukan ce tsintuwa ba sata ba ce. Bari mu auna wannan magana a kan wata halitta wadda yawancinmu a Kaduna ba mu taɓa gani ba, watau kunkurun teku.

Kunkurun teku ɗan'uwan ƙififiya ne, wadda masunta sukan kama a koginmu, amma ya fi ta girma nesa. Iri 7 ne a duniya. Mafi girma a cikinsu, mai baya kamar baƙin kirgi, yakan kai nauyin kilo 500. A cikin ruwa yake zamansa. Macen ce takan fito tudu domin yin ƙwai, har a bakin tekun ƙasarmu, daga Ikko zuwa Akasa ta jihar Bayelsa.

Waɗanda suka yi tsaron dare domin kallonta sun san yadda take yi. Takan fito cikin duhu, tana jan ciki da ƙyar, har ta wuce inda raƙuman ruwa suke kaiwa. Sai ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta watsa yashi domin ta ɓad da sawu. Idan aka haska mata fitila ko aka yi hayaniya tun ba ta fara ba, sai ta juya ta koma ruwa. Saboda haka mai kallo na kirki yakan zauna shiru cikin duhu, a bayanta.

Da ta gama, sai ta tafi. Ba ta kwanci kamar kaza, ba ta gadi kamar kada. Ƙwan yakan yi kamar wata 2 a ƙasa, zafin yashi ne yake ƙyanƙyashe shi. 'Ya'yan sukan fito da dare su nufi wajen da ya fi haske, wanda tun fil azal shi ne fuskar teku. Inda aka gina gidaje masu lantarki a gaɓa, sukan ruɗe su nufi tudu su mutu. Masana suna kimanta cewa ɗaya ne cikin 1,000 yake kai girma. Waɗansu iri sai sun shekara 20 ko 30 kafin su fara ƙwai, sa'an nan macen takan komo yankin da aka ƙyanƙyashe ta.

To, ga mai kallo a tsaye, ga rami a gabansa, uwa ta tafi. Ya tone, ko kuwa ya bari?

An riga an gwada tonewa. A Rantau Abang, wani bakin teku a ƙasar Maleshiya, an ƙidaya ramukan babban kunkurun nan fiye da 10,000 a shekarar 1956. Shekara da shekaru ana kwashe kusan dukan ƙwan ana kaiwa kasuwa. Baƙi suna zuwa kallo da fitilu, har waɗansu suna hawa bayan uwayen. Tarun manyan jiragen su kuma yana kashe waɗansu a ruwa. Kafin shekarar 2000 ramukan ba su kai 100 ba, daga baya akan yi shekara ba a ga ko ɗaya ba. An hana sayar da ƙwan wajen ƙarshen shekarun 1980, amma an makara.

Ku lura da abu ɗaya. Masu kwasar ƙwan ba su ga ɓarnar da wuri ba, gama kunkuru yana da tsawon rai. Tsofaffin uwaye suna ta zuwa kowace shekara, mutane suna cewa ai ba su ƙarewa. Ashe babu 'yan baya masu maye gurbinsu. Wanda ya ci ya ƙoshi ya kwanta dama, jikansa ne ya iske yashi wofi. Ashe ƙwan yana da mai shi, sai dai ba a haife shi ba tukuna, shi ya sa bai iya kai ƙara ba. Tsintuwa irin wannan sata ce, ga wanda ba shi da bakin yin kuka.

Wani zai ce, "Malam, mai ƙoshi ne yake wannan magana. Masunci matalauci yana da yara masu jin yunwa, ƙwai a baka kuwa ya fi kaza a akurki." Maganarsa tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Shari'ar Musa ma ba ta raina ta ba. A cikin Kubawar Shari'a, sura 22, aya 6 da 7, an yi doka a kan mutumin da ya iske sheƙar tsuntsu a hanya. An yarda masa ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar, aka kuma ɗaura alkawarin tsawon rai a kan wannan. Dokar ba ta hana ci ba, iyaka ta sa masa. Kowane manomi ya san iyakar nan. Ko yunwa ta kai ina, ba ya daka iri. Inda kuwa halitta ta ragu har ta kusa ƙarewa, abin da ya saura duka iri ne. Mai kuɗi da yake sayen ƙwan don marmari kuwa, alhakinsa ya fi na matalaucin da ya tono.

Kada mu ce wannan zancen mutanen bakin teku ne. Sunan garinmu, wanda ya zama babban birnin Arewa a 1917, an ce daga kada ya fito. Ku tambayi yaran Kakuri, da Barnawa, da Sabon Tasha, nawa ne suka taɓa ganin kada yana shan hantsi a bakin kogi? Kada da ƙififiya a yashin gaɓa suke binne ƙwansu. Wanda ya zuba guba a rafi ya kashe kifi manya da ƙanana, da wanda ya kwashe ƙwan zabon daji kaf, da wanda ya sa wa daji wuta domin gafiya ɗaya, duk hujjarsu ɗaya ce, wai abin ba na kowa ba ne.

Ba a gane mai amana a inda akwai ɗan sanda. A inda ba ido, ba shaida, can ake gane shi. Iyaye, ku koya wa yaranku tun a kan sheƙar kurciya da ke bishiyar gida. Su duba, su yi mamakin aikin Mahalicci, su sauko hannu wofi. Yaron da ya iya barin ƙwan da ba mai tsaro, idan ya girma zai iya barin gādon maraya da kuɗin jama'a.