Wanda ba zai yiwu ba, da wanda ba a saba gani ba

John Locke, masanin falsafa na Ingila, ya kawo labarin jakadan Holan da ya gaya wa sarkin Siyam, Tailan ta yau, cewa a ƙasarsu ruwa kan daskare lokacin sanyi har giwa ma za ta iya taka shi. Sarki ya ce yanzu ya tabbata ƙarya yake yi. Gaskiya jakadan ya faɗa, ƙanƙara ce kawai sarki bai taɓa gani ba. Ashe wuyar gaskata labari sau da yawa hali ne na mai saurare, ba na abin da aka faɗa ba.

Malaman tauhidi sun tantance wannan tuntuni. Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukuncin hankali gida uku a littafinsa Ummul Barahin: wajibi, mustahili da ja'izi. Mustahili shi ne abin da hankali ba ya iya suranta shi, kamar a ce jiki guda yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci ɗaya. Amma wuta ta taɓa auduga ba ta ƙone ba, misalin da Gazali ya kawo, wannan al'ada ya saɓa, bai saɓa hankali ba, wato ja'izi ne. Nan ne mazaunin mu'ujiza da karama.

Wani zai ce ai an buɗe wa bokaye da masu ninka kuɗi ƙofa ke nan. A'a. Yiwuwa daban, aukuwa daban. Gwargwadon baƙuntar labari, gwargwadon nauyin hujjar da za a nema, shi ya sa malaman hadisi suka fifita mutawatiri, wato labarin da jama'a da yawa suka ruwaito, a kan labarin mutum ɗaya, suka kuma bi diddigin maruwaita.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta masanin falsafa David Hume a 1748, cewa kuskuren shaidu ko ƙaryarsu ya fi kusa da hankali a kan karyewar dokar halitta. Ma'auni ne mai amfani a kasuwa da kotu. Sai dai idan aka mai da shi hukuncin ƙarshe, abin da mutum ya saba gani ya zama iyakar abin da zai iya kasancewa, sarkin Siyam kuma ya yi daidai, alhali kogunan Holan na daskarewa. Mustahili kaɗai ake kora tun daga bakin ƙofa. Sauran kuwa, a nemi hujjarsu.