Haƙƙin Matattu a Wuyan Mai Shirya Fim ɗin Yaƙi

Mai ba da tatsuniya a ƙasar Hausa yana da wata amana da yake riƙewa, ko ya sani ko bai sani ba. Kafin ya shiga labari sai ya ce gatanan gatananku, in ya kai ƙarshe ya ce ƙurunƙus. Waɗannan kalmomi shinge ne, duk abin da ya faɗo tsakaninsu ko yaro ya san ba a yi shi ba. Gizo ya auri 'yar sarki, kura ta yi alƙalanci, ba wanda zai wayi gari ya kafa hujja da su. Shi kuwa fim ɗin yaƙi na zamani ba shi da wannan shinge. Hasali ma da kishiyarsa yake buɗewa: a rubuta shekara a jikin allo, a rubuta sunan gari da na sarki, wani lokaci a ƙara da cewa abin ya faru da gaske, sannan a shiga ƙari da ragi. To, 'yan'uwa marubuta, tambayar da ke gabanmu ita ce: ina iyakar 'yancin mai shirya irin wannan fim, kuma wa ya zalunta in ya ƙetare ta?

Kada wani ya ce wannan matsalar Amurka ce. Yau a Lausu da Kibiya da Rurum da cikin garin Rano, matashin da ya kalli fim ɗin yaƙi goma a wayarsa ko a gidan kallo, da wuya a ce ya karanta littafin tarihi guda daga farko har ƙarshe. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ya gani da idonsa, dawaki na sukuwa, jini na zuba, shi zai zauna masa a zuciya a matsayin abin da ya faru, ko malamin tarihi ya shekara yana gyara masa. Kuma tun daga shekarun 1990, da harkar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano, marubuta daga cikinmu ne ke tsara labaran da ake ɗauka. Alƙalamin yana hannunmu, saboda haka nauyin ma yana kanmu.

Bari mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. Ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Turawa ta tashi daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland, ta nufo Kano. Dalilin da suka kafa shi ne Sarkin Kano Alu ya karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Garin farko da ya tare su shi ne Bebeji, maƙwabciyarmu. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya, aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin da wasu manyansa suka rasu a nan. Ranar 3 ga Fabrairu aka ci Kano, alhali Sarki Alu da yawancin mayaƙansa suna can wajen Sakkwato. Sarkin Shanu Ɗan Gwari, ɗaya daga cikin bayin sarkin da aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare fada. A ƙarshen watan Waziri Ahmadu ya yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, aka kashe shi. Alu ya rabu da rundunarsa ya yi arewa, aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a Kano, Turawa suka naɗa shi sarki.

A ce yau an ba ɗayanmu aikin rubuta fim a kan wannan. Jarrabawa ta farko da zai haɗu da ita ita ce: su wane ne ke riƙe da bindigogin da suka harbi Bebeji? Zuciya za ta so a cika allo da jajayen fata, don mai kallo ya san inda zai ajiye fushinsa. Amma Turawan da ke cikin rundunar ba su wuce 40 ba. Sojojin, su fiye da 700, baƙaƙen fata ne, da yawa daga cikinsu Hausawa, wasu Yarabawa. Wanda ya shafe wannan ya shafe tambayar da ta fi kowace muhimmanci a duk labarin: me ya sa Bahaushe ya sa kakin Bature ya zo ya harbi ganuwar Bahaushe? Talauci ne, ko bauta ce ya gudo daga gare ta, ko albashi ne, ko wata tsohuwar ƙullalliya? Fim ɗin da ya ɓoye wannan ya sa mun ji daɗi na awa biyu, amma ya hana mu sanin yadda aka ci mu da yaƙi. Wanda kuwa bai san ta inda ruwa ya shigo masa ɗaki ba, baɗi ma zai kwana a jiƙe.

Masu kare 'yancin mai fasaha suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Sukan ce fim ba littafin makaranta ba ne. Mai kallo nishaɗi ya biya, in yana son tarihi ya tafi jami'a. Sukan ce yaƙin da ya ɗauki wata guda ba zai shiga awa biyu ba sai an datse, an haɗe mutum uku sun zama ɗaya. Sukan kuma ce, wane tarihin ma ake magana? Yawancin abin da aka rubuta a kan 1903 daga rahoton Lugga da hafsoshinsa ya fito, wato wanda ya ci yaƙin ne ya ba da labari. Me ya sa za a ɗaure hannun marubucinmu da igiyar da abokin gaba ya tufka?

Hujja ta biyu gaskiya ce ɗungurungum, ta ukun ma akwai gaskiya a cikinta. Ba wanda ya rubuta mana abin da Sarkin Bebeji ya faɗa wa matansa a daren da aka ce Nasara sun taso, ko abin da ya ɗarsu a zuciyar mai tsaron ƙofa da ya ji ƙarar da bai taɓa jin irinta ba. Nan filin marubuci ne, ya shiga ya yi noma yadda ya ga dama. Ya ƙirƙiro maƙeri da ɗansa, ya ƙirƙiro sojan Bature ɗan asalin garin da aka kamo shi yana yaro, duk halal ne, muddin abin da ya ƙirƙiro zai iya faruwa a wancan zamani. Amma cike gurbin da tarihi ya yi shiru a kai daban, musanya abin da tarihi ya faɗa a fili daban. Kuma son kai da ke cikin rahoton Turawa ba lasisi ba ne na mu shirya tamu ƙaryar. Maganinsa shi ne a nemo ƙarin shaidu: rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, da abin da dattawa suka ji daga iyayensu.

Fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ya fitar a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ya nuna yadda ake tafiya a kan wannan siraɗi. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, kusa da Dogon Dutsi a Nijar, wadda ta ƙi sallamawa ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899. Abin da takardun Faransawa suka ce a kanta kaɗan ne, Mamani ya faɗaɗa shi ƙwarai, ya ba ta ƙuruciya da magana da jarumtar fagen fama. Sai dai fim ɗin bai taɓa ƙashin bayan labarin ba. Ya nuna ta'asar da rundunar ta yi wa garuruwa, irin wadda aka yi wa Birnin Ƙonni, ya nuna cewa sojojin da ke aiwatar da ita 'yan Afirka ne, ya kuma nuna cewa su ɗin ne daga baya suka juya suka kashe hafsoshin biyu. An yi wa riga aiki, amma ba a sauya mai rigar ba.

Kwatanta shi da The Woman King na 2022, a kan mayaƙa mata na Dahomey a zamanin Sarki Gezo. Fim ɗin ya sa jarumarsa tana jan hankalin sarki ya bar cinikin bayi ya koma manja, mai kallo ya tashi da tunanin cewa matan nan 'yanto bayi suka fito yi. Alhali daular ta ci gaba da kama mutane tana sayarwa shekaru da dama bayan lokacin da fim ɗin ya nuna, kuma matan suna cikin rundunar da ta kai wa Abekuta hari a 1851. Nan an ɗauke laifi daga kan mai shi. Mutanen da aka kama aka sayar, an zalunce su da rai, an sake zaluntar su a kabari.

Shi kuwa Amina na Izu Ojukwu, da ya fito a Netflix a 2021, matsayinsa daban ne. Abin da aka sani tabbas game da Amina ta Zazzau bai taka kara ya karya ba. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16, tazarar fiye da shekara 100. Saboda haka wanda ya ƙirƙira mata soyayya ko abokin gaba bai yi babban laifi ba. Abin da ya ɓata wa Hausawa da yawa rai shi ne abin da ake iya sani amma ba a kula da shi ba: sutura, da zaman fada, da yadda talaka ke magana gaban sarki, da harshen kansa, tunda da Turanci aka yi yawancin fim ɗin.

Akwai kuma ƙaryar da ake yi ta hanyar yin shiru. A 1945 Amurkawa sun fitar da Objective, Burma!, wanda ya nuna kamar su kaɗai suka yi yaƙin Bama. Ingilishi suka fusata har aka janye fim ɗin daga gidajen sinimarsu, bai dawo ba sai 1952. Sun ji zafin a shafe su. To amma su nawa ne a cikin finafinansu suka nuna Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da Arakan a 1944 da 1945, cikinsu da dubban 'yan Arewa? Sunan Barikin Chindit na Zariya daga can ya samo asali. Kakanninmu 'yan Bama sun sha ruwan harsashi a dajin da ba su san sunansa ba, allon sinima kuwa kusan bai san da su ba.

Daga waɗannan misalai ƙa'ida ta fito. Mai shirya fim yana da 'yancin ƙirƙirar magana, da fuska, da ƙananan mutane, da datse lokaci. Ba shi da 'yancin sauya wanda ya aikata, da wanda aka aikata wa, da dalilin aikatawa. Dalili kuwa shi ne, duk wanda ya kira sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, ya ce ga abin da ya yi, to shaida ya bayar. Mai rai in an yi masa ƙazafi zai kai ƙara gaban alƙali. Matacce ba shi da baki. Shi ya sa shaidar zur a kansa ta fi sauƙi, shi ya sa kuma ta fi muni.

Ban da haka, matattunmu suna da jikoki. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ba ta yi nisan da za a ce tabonta ya ɓace ba. Zuriyar ɓangarorin biyu suna nan, sun san gidajensu. Haka hare-haren Ningawa da suka addabi kudancin Kano, har da ƙasarmu ta Rano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi da bayansa. Abu mai sauƙi ne a nuna Ningawa a matsayin wasu mutanen dutse marasa tausayi kawai. Amma waɗanda suka kafa mulkin Ningi malamai ne Hausawa, su Malam Hamza, da suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 bayan saɓani da hukuma kan haraji. Kuma kama bayi ta kowane ɓangare aka yi shi. Fim ɗin da ya karkatar da irin wannan labari, ba a kabari ɓarnarsa za ta tsaya ba, za ta biyo mutane har kasuwa da wurin neman aure.

Wani zai ce gaskiya ba ta da armashi, ba za ta sayu ba. A duba labarin 1903 da kyau. Sarki ba ya gari ranar da aka ci garinsa. Bawa ya mutu a ƙofar fadar ubangidansa. 'Yan'uwa uku, ɗaya ya zaɓi mutuwa a fagen fama, ɗaya ya zaɓi barin ƙasa, ɗaya ya zaɓi sulhu don jama'a su koma gidajensu, kuma kowannensu yana da hujjar da zai kare kansa. Wane marubuci ne zai ƙirƙiro abin da ya fi wannan taɓa zuciya? Sau da yawa ba don fasaha ake murɗe tarihi ba, don ƙyuyar bincike ne.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sha'awar rubuta labarin yaƙi, kafin ka ɗauki alƙalami ɗauki takalminka. Je ka Gidan Makama ka ga kayan yaƙi da tsoffin ƙofofi da idonka. Leƙa Gidan Ɗan Hausa, ka kai kanka Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Zauna da dattawan Bebeji da Rano da Kibiya tun suna nan, ka ji ta bakin fiye da mutum ɗaya, domin su ma kowa gidansu yake karewa. Inda ruwayoyi suka saɓa, ka zaɓi ɗaya, ka faɗa wa mai kallo cewa zaɓa ka yi. In kuwa labarin da ke ranka ba zai yiwu ba sai an juya gaskiya, to hanya a buɗe take: sauya sunan gari, sauya sunan sarki, cire shekarar daga allo. Ka ce mana gatanan gatananku, mu kuwa mu amsa maka da zuciya ɗaya.